Kifin da Na Ci Shekara Shida na Khalti Shadliya Ne

Ƙarfe shida da rabi na safe motar unguwar Saƙiyat Zit take sauke ta a ƙofar asibiti. Ba ta bi ta babban zaure inda majinyata ke layin kati. Kewayawa take ta bayan wurin wanki, ta sauka matakala goma sha huɗu zuwa ƙasan gini, inda ɗakin bincikenmu yake. Ta rataye jaka, ta zare zoben aurenta ta sa a aljihu, ta wanke hannu har gwiwa. Kafin ta gaida kowa sai ta buɗe akwatin ɗumi, ta zaro ƴan farantai ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga kowanne ta kalli launin ruwan da ke ciki. In ja ne, an kwana lafiya. In ya koma ruwan ɗorawa, mai farantin ya cinye abincinsa yana jiran sabo. Sai ta gama wannan za ta juyo ta ce maka, "To, ya aka kwana?" In kai shugaban sashe ne ma haka za ka tsaya ka jira.

Sunanta Shadliya Furati, amma daga farfesa har mai shara Khalti muke ce mata, kamar ƙanwar uwarmu ce mu duka. Ba likita ba ce, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce. Ranar Alhamis mai zuwa za ta aje aiki bayan shekara talatin da huɗu, za a sha lemo, a ci baƙalawa, a ba ta agogon bango. Ni kuma, Naziha, likitar ciwon daji da ke hawa na uku, ina da abin da agogon bango ba zai faɗa ba. Shekara shida ke nan wani mutum yana kawo mini kwandon kifi yana gode mini a kan ransa, ina karɓa ina ci, alhali na san godiyar da kifin duk nata ne. Na gaji da riƙe wannan maganar, shi ya sa na kawo ta gaban jama'a.

Duk wanda ya tashi a Safaƙis ya san gidan da ciwon dajin bayan hanci ya taɓa shiga. Mu nan kudancin Tunisiya da maƙwabtanmu muna da rabo mai yawa a cikinsa. Mutum ya fara da toshewar kunne ɗaya, ko haɓo, ko ƙullutu a wuya, a yi ta ba shi maganin mura har abu ya yi nisa. Akwai wata ƙwayar cuta da kusan kowa ke ɗauke da ita tun yarinta ba ta yi masa komai, amma a jikin wasu sai ta lafe a cikin tattausan naman da ya shimfiɗe bayan hanci, da hannunta a tashin ciwon. Muna ƙona shi da haske, muna ɗura magani a jijiya, da yawa suna warkewa. Waɗanda ya dawo musu su ne damuwarmu. Don su ake ta bincike a kan magungunan da ba su kashe ciwon da kansu, sai dai su farkar da garkuwar jiki, wato fararen ƙwayoyin jinin mutum, su yi yaƙin. Maganin yana yi wa wani aiki, wani kuma ko gezau, kuma ba mai iya gaya maka dalili tun kafin a fara.

Aikin Khalti a nan yake. Idan likitan tiyata ya ɗebo ɗan nama daga bayan hancin majinyaci, da yardarsa, akan raba, a ba mu abin da bai wuce ƙwayar alkama ba. Ita za ta rene shi a faranti, ya ci gaba da rayuwa a wajen jikin mai shi, don mu ɗiga magani a kansa mu ga abin da zai faru ba tare da mun gwada a kan mutum ba. Faɗarsa sauƙi. Naman nan shagwaɓaɓɓe ne, ka makara da awa ɗaya ya mutu, ka yi numfashi a kansa ya ruɓe.

Munjiya, babbar nas ta ɗakin tiyata, ta ce tun tana sabuwar zuwa take ganin Khalti tsaye a bakin ƙofarsu da filas ɗin shayi cike da ƙanƙara. Akwai masinja da aikinsa ke nan, amma ba ta yarda. "Masinja zai tsaya shan taba," in ji ta, "ni kuwa ba na sha." Munjiya ta ce wata rana tiyata ta yi tsawo, Khalti ta yi awa uku a tsaye, aka kawo mata kujera ta ƙi zama wai in ta zauna za ta ji daɗi ta manta abin da ya kawo ta. Da aka miƙo mata kwalbar naman kuwa ko sannu ba ta ce wa kowa ba, ta rungume filas ta yi ƙasa da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta.

Muna da doka a ɗakin nan, kuma doka ce mai kyau: suna ba ya sauka matakala. Duk naman da zai shigo, a sama ake cire sunan mai shi a liƙa lamba. Khalti ba ta san ko na mace ne ko na namiji ba, ko na tsoho ko na matashi. Su ma masu naman ba su san da ita ba. Ta reni fiye da mutum ɗari tara a haka, ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Amma ta san halinsu. Za ka ji tana cewa, "Ɗari da tamanin da takwas ya cika ci," ko "Casa'in da uku yau fushi yake." Idan na sauko na ce mata a daskarar da lamba kaza, an rufe fayil, ba ta tambayata komai. Ta gane. Sai ta ɗauki farantin, ta ce, "Allah ya jiƙanka," sannan ta ci gaba da aiki.

To ga yadda aka yi da lamba ɗari biyu da sha huɗu.

Na dawo daga karatu a Faransa da takardun shaida da kuma kai mai zafi, ba zan ɓoye ba. Na zo da tsarin aiki rubutacce, shafi huɗu: a narkar da naman, a wanke, a tace, a ware ƙwayoyin ciwon su kaɗai tsaf, a nutsar da su cikin ruwan abinci. Khalti ta karanta, ta ce, "To, Duktura," ta yi yadda na ce har wata goma sha ɗaya. Wasu daga cikin naman da muke reno suka mutu a kwana biyar. Waɗanda suka rayu kuma ƙwayar cutar da muke son gani ta ɓace daga cikinsu, fararen ƙwayoyin jinin kuwa da hannunmu muka wanke su muka zubar. Ni ban ga laifin tsarina ba. Na ga laifin ruwan famfo, da wutar lantarki, da hannun Khalti.

A cikin azumin shekarar ne aka kawo mini wani masunci daga tsibirin Ƙarƙana, shekararsa hamsin da takwas, ciwonsa ya dawo bayan an ƙona an ɗura. Akwai gwajin sabon maganin garkuwar jiki da aka ba sashenmu gurbi uku kacal, kwamiti ne zai zaɓa, kuma na san ba za su kalli mutumin da ya rame haka ba sai da hujja. Likitan tiyata ya ɗebo nama sau ɗaya ya ce kada in sake tambayarsa, wurin ya sha wuta, taɓawa kaɗan jini yake. Ke nan ɗan naman da ke cikin filas ɗin Khalti a ranar shi ne kaɗai abin da mutumin yake da shi.

Na sauko na same ta ta aje shi ƙarƙashin gilashi, reza biyu a hannunta, ba ta taɓa kwalbar narkarwa ba.

Na ce, "Khalti, me kike jira?"

Ta ce, "Ke nake jira. Zan raba shi biyu. Rabi naki, ki yi masa wankan Faransa. Rabi nawa."

"Naki? Kasuwar kifi muke da za a raba?"

"Duktura, wata goma sha ɗaya ina binne miki mutane. Wannan kam ba zan binne shi duka ba."

Na tambaye ta me za ta yi da rabin. Ta ce ba za ta narkar ba, ba za ta wanke ba. Yanka shi za ta yi ƙanana da duk tarkacen da ya zo da shi, ta ɗora a kan ƴar rariya, ta zuba ruwan abinci ta ƙasa kawai, samansa ya sha iska. Na ce zai bushe. Ta kalle ni ta saman tabarau.

"Ƴata, ina aka ɗebo shi?"

"Bayan hanci mana."

"To tun ranar da uwarsa ta haife shi me yake bi ta kansa dare da rana? Iska. Ke kuma kin zo kin danna kansa cikin ruwa, kin kori ƴan'uwansa, sannan kina mamaki ya mutu. Ko ke aka yi wa haka ai sai ki mutu."

Daga baya na ji inda ta samo wannan. Shekarun baya an taɓa riƙe kayanmu a tashar jirgin ruwa wata biyu, ruwan abinci ya yi ƙaranci, ta riƙa tsakura shi. Sai ta lura gutsattsarin da kansu ya leƙo waje sun fi na ƙasa daɗewa. Ta yi ta gwadawa da ragowar da za a zubar, tana rubutawa a littafin makaranta mai bangon shuɗi. Ta nuna wa shugaban wancan lokacin, ya yi dariya ya ce ta bar tunani ga waɗanda aka ɗauka don su yi tunani. Ta mayar da littafin aljihun tebur.

A ranar dai ban san wannan ba, kuma ko na sani ban da kunnen ji. Na ce in ta raba naman nan zan rubuta mata takardar gargaɗi. Ta ce, "Biro na kan tebur." Ta sa reza ta raba a gabana. Na hau sama na rubuta takardar, na sa hannu, aka sa a fayil ɗinta. Ita ce kaɗai a cikin shekara talatin da huɗu.

Rabina ya mutu a kwana na shida. Na ɗaga farantin na ga ruwa ja wur, ba abin da ya taɓa shi. Da ma ta zage ni a ranar, da na fi jin sauƙi.

Kwana na takwas ya faɗo ranar ƙaramar Salla. Si Tijani, wato Malam Tijani mai gadi, ya ba ni labari: gari duk ƙamshin albasa da zabibi, kowace mace a Safaƙis tana kan tukunyar miyar sharmula da kifin gishiri, sai ga Khalti ta sauko daga tasi da kayan Salla. Ya ce mata, "Hajja, yau ma? Maigida ya kore ki ne?" Ta ce, "Ina da baƙo a ƙasa bai karya ba. Buɗe mini, kada tukunyata ta kama." Ta yi minti arba'in ta fito. Ya ce ta ba shi ɗan kwano na sharmula da ta taho masa da shi, ta ce in ya gaya wa kowa ta zo ba zai ƙara gani ba. Ya riƙe maganar shekara biyu.

A kwana na goma gutsattsarin nan suna nan da ransu, da ƙwayar cutar a cikinsu, da fararen ƙwayoyin jinin mutumin suna yawo a gefe. Muka ɗiga maganin a wasu, muka bar wasu haka. Bayan mako guda ta kira ni ta waya, abin da ba ta saba ba, ta ce, "Sauko ki ga ɗari biyu da sha huɗu, ya tashi da faɗa." Na sa ido a madubin ƙara girma. A inda ba a sa magani ba, komai na zaune lafiya. A inda aka sa, fararen ƙwayoyin sun yi dafifi a kan ciwon sun rufe shi, rini yana nuna matattu ko'ina. Na ɗago ina murna, ta ce, "Kada ki yi rawa tukuna. Faranti ba mutum ba ne." Gaskiya ta faɗa, har yau ma abin da muke koya wa ɗalibai ke nan, abin da aka gani a faranti ishara ce kawai. Amma da hotunan nan na shiga gaban kwamiti na yi ta gardama har suka gaji da ni, aka ba shi gurbi na uku. Cikin mutum ukun, ɗaya bai kai ƙarshen shekara ba. Masuncin nan, ciwonsa ya ja baya, ya ja baya, har hoto ya daina nuna shi.

Sunansa Am Hashmi, wato Baffa Hashmi, ya ba ni izinin faɗa. Duk kaka idan kifin buri ya yi ƙiba sai ya hau jirgin ruwan safe ya zo da kwandon kaba, ya dire a ofishina ya ce, "Duktura, bayan Allah sai ke." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce, "Ikon Allah ne, Am Hashmi," irin tawali'un nan na wanda ya san an yaba masa. In kai gida a gasa. Da muka buga sakamakon binciken, sunayenmu bakwai suka hau saman takarda, nata yana can ƙasa cikin layin godiya, kuma an yi kuskuren harafi. Na gani kafin a buga, ban gyara ba. Haƙurin da na ba ta kuwa shi ne na sayo mata kofi wata safiya na aje a bakin ƙofa. Ta sha, ta ce ya yi sanyi.

Bayan haka muka ga wasu ɗakunan bincike na ƙasashen waje sun wallafa irin wannan hanya ta barin nama ya sha iska, da zane da dogayen sunaye. Na kai mata na karanta mata. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe ba ni kaɗai ce mahaukaciya ba." Yau duk naman da ya sauko matakalar nan da hanyarta ake renonsa, kuma tsarina mai shafi huɗu ban san ma inda yake ba.

Khalti, ke ce kika tsaya a gabana ranar da nake da iko ba ni da gaskiya. Ke ce mai reza biyu, da kika yarda a ɓata miki fayil a kan mutumin da ba ki san ko sunansa ba. Kin koyar da ɗalibai sha tara da yanzu ake ce musu dakta, kowannensu a hannunki ya koyi riƙe bututun ɗiga ruwa ba tare da ya gurɓata faranti ba, kuma na ƙirga, uku ne kawai suke sauko miki gaisuwa. Ina jin kunyar abin da na yi, kuma ina son ki, ko da yake ban taɓa samun bakin faɗa miki ba.

Makon jiya Am Hashmi ya zo da kwandonsa. Kafin ya dire na ce ya dakata, na zaunar da shi, na ba shi labarin nan tun daga filas har takardar gargaɗi. Ya murza hularsa, sannan ya ce, "Wato shekara shida ina kai kifi gidan da ba shi ba?"

Na ce, "Haka ne."

"Kuma kina cinyewa?"

"Tas."

Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Allah ya shirye ki, Duktura. Tashi ki nuna mini hanya." Na gaya masa dokar suna, na ce shi kaɗai ke da ikon ɗage ta a kan kansa. Ya ce shi a Ƙarƙana ko kuliyoyi sun san sunansa, a ba shi takarda ya dangwala.

Muka sauka matakala goma sha huɗu. Ta gan mu ta gilashin ƙofa, ta fito tana cire safar hannu, ranta a ɓace.

"Duktura, wa ya ce a shigo mini da kifi nan? Kin san abin da ke jikin kwandon nan kuwa? Si, yi haƙuri, wurin karɓar jini yana sama."

Na ce, "Khalti, ɗari biyu da sha huɗu ne."

Ta tsaya da safa ɗaya a hannu. Ta kalle shi daga hula har takalmi, ta sake kallonsa. Can ta ce, a hankali, "Ashe kai dogo ne."

Ya ce cikin girmamawa, "Lalla, an ce kin bar tukunyarki ranar Salla saboda ni."

Ta ce, "Ta kama kuwa. Har yau maigidana yana yi mini gori." Sai ta juya mana baya ta yi kamar tana neman wani abu a kan shiryayye, ta daɗe tana nema. Da ta juyo ta kama hannun rigarsa ta kai shi bakin tulun da muke daskarar da nama, ta nuna masa ta ce ragowar namansa na ciki, layi na uku, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ya sunkuya ya yi wa tulun sallama. Sannan ya dire kwandon a gaban ƙafarta, a wajen ƙofa kamar yadda ta ce.

Washegari na je ofishin ma'aikata in janye takardar gargaɗin. Ta ji labari ta aiko a ce mini in bar mata kayanta, wai a duk fayil ɗin ita kaɗai ce takardar da ta nuna ta taɓa yin wani abu. Na bar ta. Amma littafinta mai bangon shuɗi mun buga shi ya zama tsarin aikin ɗakin, sunanta a sama, kuma wannan karon da kaina na duba haruffan.

Mun gode, Khalti Shadliya. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar gwiwa, ya saka miki da alheri a kan mutum ɗari tara da kika yi wa hidima ba ki san fuskarsu ba. Ku matasan da za ku gaji kujerarta, ku koyi zuwa da wuri, ku koyi lura da abin da ke gabanku ko da takarda ta faɗi wani abu dabam, kuma ku iya cewa a'a cikin ladabi. Mu kuma na hawa na uku, da ake kawo wa kwando har ofis, kowa ya tambayi kansa hannun wa aikin ya bi kafin ya iso gare shi, ya sauka ya faɗa tun mai shi na nan. Ni sai da na bari saura mako biyu ta tafi.

Am Hashmi ya riga ya karɓi kwatancen gidanta a Saƙiyat Zit. Ya ce mini in ina son kifin buri baɗi, na san hanyar kasuwa.